Wasiƙa Zuwa Ga Edita: Abin Da Ke Sayar Da Tsohuwar Motar Ingila

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili a jaridarka mai farin jini domin in gyara wata fahimta da na lura ta yaɗu a tsakanin masu sha'awar motoci. Tun da aka ji labarin cewa a watan Agustan 2019 kamfanin gwanjo na RM Sotheby's ya sayar da wata Aston Martin DB5, wadda aka yi wa kayan James Bond don tallar fim, a kan fiye da dala miliyan 6 a Monterey ta Amurka, mutane da yawa suka ɗauka cewa duk wata tsohuwar motar tsere ƙirar Ingila, muddin an yi mata sabon fenti, dukiya ce a ajiye. Ni da na daɗe ina zaune a Ingila, kuma ɗawainiyar sayar da irin wannan mota ta taɓa faɗowa kaina, na ga abin da ya saɓa wa wannan zato.

Motar ta wani abokin aikina ce da ya rasu, magadansa suka wakilta ni saboda sun san tare muke shiga garejinsa. Jensen FF ce ta shekarar 1969, mai ƙofa biyu da katafaren gilashin baya mai lanƙwasa. An ƙera ta a West Bromwich, kusa da Birmingham, kuma daga 1966 zuwa 1971 guda 320 kacal kamfanin ya yi. Fasalin jikinta daga Italiya ya fito, injinta na Chrysler ne daga Amurka mai silinda takwas da girman lita 6.3, amma abin da ya ɗaukaka sunanta shi ne dukkan ƙafafunta huɗu suna ja, kuma tana da birkin Dunlop Maxaret da ke hana taya cijewa, wanda asalinsa na jiragen sama ne. A zamanin da aka yi ta, babu wata motar hawan kwalta da ta haɗa waɗannan abubuwa biyu. Wanda bai sani ba zai ɗauka Jensen Interceptor ce, wadda aka ƙera dubbai, sai ya lura cewa FF tana da tsagar iska biyu a bayan tayar gaba, ita kuwa Interceptor ɗaya gare ta.

Da wannan tarihi a hannuna na zaci ciniki ba zai yi wuya ba. Marigayin ya shafe shekaru yana sabunta ta, fentinta kuma yana ɗaukar ido. Mutum na farko da ya zo dubawa bai tsaya kallon fentin ba ko na minti ɗaya. Ya fito da fitila da ɗan maganaɗisu daga aljihu, ya kwanta a ƙasa, ya riƙa manna maganaɗisun a ƙasan ƙofofi. A wurare biyu ya ƙi kamawa, wato babu ƙarfe a wurin, wani gareji da aka taɓa kai ta ya cike ramin tsatsa da fila, wato ƙullun da ake cike ramin jikin mota da shi, ya shafe da fenti maimakon ya yanke ruɓaɓɓen ƙarfen ya yi waldar sabo. Marigayin ya biya kuɗin aiki cikakke, bai san an yi masa kyan ɗan maciji ba. Mutumin ya tashi ya kaɗe rigarsa, ya yi godiya, ya tafi ko tayi bai yi ba.

A nan na fahimci cewa kalmar "an sabunta ta" ba ta da nauyi ko kaɗan a wannan kasuwa sai da shaida. Motocin Ingila na shekarun 1960 ba a yi musu kariyar tsatsa ta kirki ba, ga danshin ƙasar, ga gishirin da ake zubawa a tituna lokacin sanyi, don haka mai saye da ya san abin da yake yi yana fara ɗauka cewa mota ta ruɓe har sai an nuna masa akasin haka. Abin da yake nema shi ne hotunan jikin motar tsirara kafin a yi fenti, da rasit na kowane aiki mai kwanan wata, da jerin waɗanda suka mallake ta tun fitowarta, da tabbacin cewa lambar inji da lambar shasi su ne waɗanda ta baro kamfani da su. Masu Jaguar suna karɓar takardar shaidar asali daga gidauniyar adana tarihin motocinsu, Jaguar Daimler Heritage Trust, masu MG da Triumph kuma daga ma'ajiyar tarihin motoci da ke Gaydon. Kamfanin Jensen ya durƙushe a 1976, saboda haka mu ƙungiyar masu Jensen muka nufa, inda muka tarar da mutanen da suka san waɗannan motoci kusan ɗaya bayan ɗaya. Ko takardar rajista ta V5C da hukumar rajistar motoci ta Birtaniya, DVLA, ke bayarwa, a jikinta an rubuta cewa ba shaidar mallaka ba ce, sunan mai riƙe da mota kawai take nunawa.

Sai na shawarci magada da mu sake buɗe wuraren biyu, a yi aikin yadda ya kamata, a ɗauki hoton kowane mataki, sannan mu rubuta a cikin talla cewa an taɓa yin aikin ha'inci a nan kuma ga yadda aka gyara shi. Ɗaya daga cikinsu ya ce wannan tona wa kai asiri ne. Na ce masa a kasuwar da motocin ba su wuce 320 ba, kuma masu neman su sun san juna, wanda ya zo da maganaɗisu ya riga ya ba da labari. Muka kuma kai ta gwajin lafiyar mota na MOT, duk da cewa tun 2018 doka ta ɗauke wa motocin da suka haura shekara 40 wannan wajibi idan ba a sauya musu ƙira sosai ba. Takardar gwajin ba ta da tsada, amma tana nuna cewa wani wanda ba shi da riba a cinikin ya duba birki da sitiyari.

Batun gwanjo kuwa, mun yi nazarinsa muka bar shi. Manyan gidaje irin su Bonhams suna tara masu kuɗi daga ƙasashe da dama a rana ɗaya, wannan gaskiya ne, sai dai ana cire la'ada daga mai sayarwa, a kuma ɗora wa mai saye tasa, wadda sau da yawa takan wuce kashi 10 cikin 100, kuma mai saye yana lissafa ta kafin ya ɗaga hannu. Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne motar da aka fitar ba ta kai kuɗin da aka ƙayyade ba, domin sakamakon yakan zauna a intanet shekara da shekaru, duk mai tayi daga baya daga nan zai fara.

Abu mafi ɗaci da na gaya wa magada shi ne kuɗin da mahaifinsu ya kashe ba zai dawo duka ba. Ladan makanike da na mai walda a Ingila da awa ake lissafa shi, sabunta mota irin wannan kuma yakan ci ɗaruruwan awoyi, har dubbai, ga kayan na'urar jan ƙafa huɗu da ba a samu a kanti. Kasuwa ba ta tambayar nawa ka kashe. Sassauci ɗaya da ke akwai shi ne dokar harajin Birtaniya ba ta karɓar harajin riba a kan motar hawa ta mutum.

Bayan wata biyar wani dattijo da ya taɓa mallakar Interceptor ya zo. Ya zauna a teburin gareji ya yi awa biyu yana karanta fayil ɗin takardu kafin ya nemi makulli. Ya taya, muka ce albarka, ya ƙara, magada suka sallama. Kuɗin bai kai jimillar rasit ɗin da ke cikin fayil ɗin ba, kuma da zai tafi, fayil ɗin ya fara sawa a kujerar gaba kafin ya tayar da injin.

Naka,
Wani mai karatu daga Ingila