Wutar taya da ke kamawa a dashbod: dan Allah a daina liƙe ta da salatif

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da sauran ma'aikatan wannan jarida tamu, ina roƙon a ba ni ɗan fili in yi magana da masu motoci da kuma 'yan uwana masu faci da makanikai akan wani abu da ya daɗe yana ci mun tuwo a ƙwarya. Ni sana'ata gyaran wayar mota ce anan Kano, wato rewaya, kuma kusan babu satin da zai wuce ba a kawo mun mota da wannan matsalar ba.

Akwai wata 'yar wuta ruwan ɗorawa da take kamawa a dashbod, kamar an yanka taya ta tsakiya an sa alamar motsin rai a ciki, wasu ma cewa suke tukunya ce. Wutar iskar taya kenan. Kwanakin baya wani Alhaji ya kawo mun Camry ɗinsa akan gilashin ƙofa baya tashi, ina shiga na zauna sai naga baƙin salatif an liƙa a gilashin dashbod, na ce Alhaji wannan fa, yace ai wata wuta ce ta dame shi da daddare, yaronsa ya kai gareji aka ce masa duk motocin Amurka haka suke ba komai bane. Na ɓare salatif ɗin na ɗauko geji na bi tayoyin ɗaya bayan ɗaya, ta baya ɓangaren fasinja iskarta maki 19 kacal na samu, ga ƙusa ta shige har kai a tsakiyar tayar, kuma wallahi da ido ba zaka ce tayar ta sace ba, tana nan tsaye kamar sauran. Mutumin nan washegari zai kama hanyar Zariya da iyalinsa. Abin ya tsaya mun a rai sosai shi yasa na ce bari in rubuto.

Mutane su sani wannan wutar ba kwalliya aka yi ta dominta ba, rayuka aka rasa kafin a kawo ta. A shekarar 2000 a Amurka an janye tayoyin Firestone kusan miliyan 6 da rabi saboda suna ɓarewa a guje, akasari akan motar Ford Explorer, mota ta kife mutane su mutu, kuma ƙarancin iska da zafin hanya na cikin abubuwan da aka yi ta magana akai. A wannan shekarar majalisarsu ta yi doka, daga watan Satumba na 2007 duk ƙaramar motar da za a sayar sabuwa a can dole ta zo da na'urar da zata gaya wa direba iska ta ragu. Turai ma suka bi sahu a 2014. To kaga mafi yawan tokumbon da muke hawa daga can suke, shi yasa Camry da Corolla da Accord da Highlander na waɗannan shekarun duk suna da ita.

Ƙa'idar ita ce wutar zata kama idan iska ta ragu da kashi 25 cikin ɗari daga yadda kamfani yace a sa. Idan 32 aka ce a sa, sai ta sauka wajen 24 sannan zata yi maka magana, ma'ana lokacin da ka ganta tayar ta riga ta yi ƙasa sosai. Kuma dan Allah a lura da yadda take kamawa domin anan ne ake gane ciwon. In ka tada mota ta kama ta tsaya cak bata ƙiftawa, to iska ce, je ka auna. In kuwa ta yi ta ƙiftawa kamar minti ɗaya sannan ta tsaya a kunne, wannan na'urar ce kanta ke da matsala, ko sensa, wato 'yar abar da ke cikin taya tana auna iska, ta mutu ko an fasa ta ko motar bata jinta. Wasu Honda kamar Accord ta 2008 su wuta daban suke da ita mai rubutun TPMS don wannan. Wannan bambancin kaɗai in mutum ya riƙe ya huta da asarar kuɗi, domin na sha ganin wanda aka sa ya sayi sensa alhali bawul ne kawai ke yoyo.

Sai maganar nawa ake sawa. Malam Edita anan ne nake da ƙorafi da 'yan uwana masu faci, ba duka ba amma da yawa. Mutum zai tsaya bakin titi yace a ƙara masa iska, sai a buga masa 45 ko 50 a ƙaramar mota, a ƙwanƙwasa tayar da ƙarfe ace ta yi. In ka tambaya sai a nuna maka lambar da ke jikin taya. Waccan lambar iyakar abin da tayar zata iya ɗauka ce, ba ita ake bi ba. Wadda ake bi tana jikin wata 'yar takarda da aka manna a ginshiƙin ƙofar direba, buɗe ƙofar ka duba zaka ganta, yawancin ƙananan motoci tsakanin 30 ne da 35. Kuma a yawancin motoci wutar nan ba zata gaya maka iska ta yi yawa ba, raguwa kawai take gani, sai dai kaji mota na tsalle a hanya tsakiyar taya na cinyewa birki baya kamawa yadda ya kamata. Sannan a auna da safe kafin a yi tafiya ko bayan mota ta huta kamar awa 3, taya mai zafi geji zai nuna fiye da gaskiya.

Akwai kuma wata al'ada da direbobinmu ke yi lokacin zafin Maris da Afrilu, mutum zai yi doguwar tafiya sai ya rage iska wai kar taya ta yi bindiga. Wannan kuskure ne babba kuma shi yafi bani tsoro. Tayar da bata da isasshiyar iska gefenta lanƙwasawa yake yana miƙewa duk juyi ɗaya, wannan shi ke haifar da zafi a cikinta har roba ta rabu da wayar ciki, ga kaya an lafta ga kwalta kamar wuta, nan ne take fashewa. Da hunturu kuma akasin haka ake gani, sanyin asuba yana sa iska ta ɗan sauka, kusan maki 1 duk lokacin da yanayi ya sauka da digiri 5 zuwa 6, sai ka tada mota da asuba wuta ta kama, rana ta ɗaga ta mutu da kanta. Mutum sai yace ai aljanun mota ne ko waya ce ta taɓa. A'a, tayarka dama tana bakin gaɓa, ƙara mata iska ta kai yadda aka rubuta.

In ka cika iska bayan kwana biyu wuta ta dawo to akwai inda take zurarewa. A kaɗa ruwan sabulu a zuba a bawul da bakin wili da duk jikin tayar, inda kumfa ya taso nan ne. Ramukan hanyoyinmu suna lanƙwasa bakin wili, robar gindin bawul ma tana bushewa ta tsage. Kuma kar a manta da safaya, wasu manyan Toyota masu cikakkiyar safaya ita ma akwai sensa a cikinta, na taɓa ganin wanda ya zagaya gareji uku tayoyi huɗu duk lafiya, ashe ta ƙarƙashin mota ce ba wanda ya tuna da ita.

Ita sensar kanta 'yar ƙarama ce tana cikin taya a manne da gindin bawul, tana da batir a ciki wanda aka rufe shi ruf ba a yi shi don a canza ba, yana kai shekara 5 zuwa 10. To lissafa motar 2008 shekararta nawa yanzu. Shi yasa nake gaya wa mutane in ɗaya ta mutu sauran ma suna hanya, kuma in zaka sayi ta Beljiyam a Ƙofar Ruwa ko Panteka ka sani batirinta ma tsoho ne, ka sa a gwada ta da na'ura a gabanka kafin a rufe taya. Abu na biyu sensocin motocin Amurka yawanci akan mitar rediyo 315 suke magana da mota, na Turai akan 433, in ka sa wadda ba tata ba motar ba zata taɓa jinta ba ko sabuwa ce fil. Na uku kowace sensa tana da lambarta, a yawancin Toyota sai an jona kwamfuta a soket ɗin ƙarƙashin sitiyari an shigar da lambar sannan mota zata santa, wasu motocin kuma da kansu suke koya in anyi 'yar tafiya.

Da yawa daga cikin sensocin da nake cirewa ma ba tsufa ya kashe su ba, ƙarfen cire taya ne. Mai faci zai sa liba daidai wajen bawul ya danna, ta fashe, wani ya cire ya jefar ya sa bawul ɗin roba bai gaya wa mai mota ba, wani kuma wallahi bai ma san mene ne ba, ba mugunta bace ba a koya masa bane. Dan Allah mai mota kafin a taɓa tayarka kace akwai sensa, a fara daga nesa da bawul. Shi ma ruwan nan da ake ɗurawa cikin taya wai maganin faci yana iya toshe 'yar ƙofar da sensa ke jin iska da ita.

Ba kowace mota ke da sensa a taya ba, Accord daga 2013 misali da sensar birkin ABS mai ƙirga juyin taya take lissafi, tayar da ta sace tana ƙanƙancewa sai ta fi sauran saurin juyawa. Irin waɗannan duk sanda aka ƙara iska ko aka juya tayoyi sai an sake saita ta. Amma fa maɓallin saitin nan, har da wanda ke ƙasan sitiyarin wasu Toyota, ba na kashe wuta bane, cewa kake wa mota wannan iskar da ke ciki yanzu ita ce daidai, in ka danna shi tayoyi na ƙasa ka koya mata ƙarya kenan. A cika iska tukuna sannan a danna.

Na san halin da ake ciki, wani ba zai iya sayen sensa huɗu yanzu ba ga kuɗin mai ga cefane, ban ce dole ba. In hakane ka sayi ƙaramin geji naka na kanka ka ajiye a mota, ka riƙa aunawa ko sau biyu a wata da kuma duk sanda zaka bar gari, tunda na'urar ta daina duba maka. Ina kuma kira ga shugabannin ƙungiyoyin masu faci da na makanikai da jami'an kiyaye haɗurra da dama suke wayar da kai akan tsofaffin tayoyi, su haɗa da wannan, a zauna da yaranmu na bakin titi ko na yini ɗaya ne a nuna musu sensa a hannu su ganta, a nuna musu takardar jikin ƙofa, su kuma duba gejinsu domin da yawa sun daina faɗin gaskiya tun tuni.

Na gode da wannan fili, Allah ya ƙara wa jarida ɗaukaka, ya kiyaye mana hanya.

Naku,
Wani mai gyaran wayar mota, daga Kano.