Karyewar Ƙashin Yara Ba Kullum Ne Ƙarancin Kalsiyam Ba

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ɗana ya karye sau uku kafin ya cika shekara 10, na ƙarshe ma tuntuɓe kawai ya yi a tsakar ɗaki. Kowa sai ya ce mini kalsiyam ne ya yi masa kaɗan, wasu har suna yi mini kallon uwar da ba ta kula. Sai da hoton ƙoƙon kansa ya nuna wasu ƙulle-ƙulle masu kama da zobe, aka gwada ƙwayoyin halittarsa na gado, sannan aka gano canji a wadda ake kira SGMS2.

Ga yadda likita ya fahimtar da ni. Kowace ƙwayar jiki tana da fatar maiƙo da ta lulluɓe ta. SGMS2 ce ke ba da umarnin haɗa sinadarin da ke samar da wani maiƙo, sifingomayelin, a wannan fata. Idan SGMS2 ta samu matsala, ko dai sinadarin ya daina aiki, ko ya maƙale a cikin ƙwayar yana zuba maiƙon inda bai kamata ba. Daga nan ƙwayoyin da ke gina ƙashi sai su kasa jera ma'adanai yadda ya dace, ƙashi ya fito da rauni. Sai a 2019 masu bincike a Finlan suka danganta cutar da wannan canji, kuma daga ɗaya cikin iyaye ma ana gadonta. Da aka gwada ni, a jikina aka same shi. Ranar na yi kuka.

Don Allah ku gayyato likitan ƙashi ya yi wa iyaye bayani a shafinku na lafiya.

Taku,
Wata uwa mai karanta jaridarku