Hitar gas ba ta da gurbi a cikin banɗaki

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili a jaridarmu mai farin jini kafin sanyin bana ya kankama. Ni mai aikin famfo ne a Kano. Tun da aka ƙara wa 'yan layin Band A kuɗin wuta a watan Afrilun 2024, yunit ya kai Naira 225, magidanta da dama suka fara ajiye hitar lantarki suna sayen ta gas, irin wadda ake maƙalawa a bango, da ka murɗa famfo ta kama ta ba ka ruwan zafi nan take. Ba kushe ta na zo yi ba, ni ma ina ɗaura wa mutane. Inda ake maƙala ta ne ya dame ni.

Kowa yana tsoron yoyon gas, to amma shi yana da wari, da gangan ake zuba masa don hanci ya ji. Wanda ba a tsoro shi ne abin da ke fitowa bayan gas ɗin ya ƙone. Wuta tana cin iska, kuma gas ɗin girki yana buƙatar iskar da ta ninka shi sau ashirin da wani abu kafin ya ƙone sarai. Hita mai ba da lita 10 a minti tana cin gas fiye da kawunan murhun gas biyar a kunne lokaci guda. To a ɗauki wannan wutar a sa ta a banɗakin da tsawonsa bai wuce taku uku ba, an rufe ƙofa, an toshe taga da kwali saboda hunturu, tururi ya cika ko'ina. Da iska ta fara ƙaranci sai wutar ta koma fitar da gubar da likitoci ke kira kabon monoksaid. Ba ta da launi, ba ta da wari, kuma jini yana kama ta fiye da yadda yake kama oksijin sau ɗari biyu da ɗoriya. Ita ce dai mai kashe waɗanda suka kwana da kaskon gawayi ko janareta a rufaffen ɗaki.

Ga inda abin ya fi ba ni tsoro a wurinmu. Mace ta shiga wanka lafiya lau, ta fito da ciwon kai da jiri da tashin zuciya, ko a ji shiru a ɓalle ƙofa a tarar da ita a sume. Me za a fara cewa? Banɗaki ne, an shiga ba addu'a, mutanen ɓoye sun taɓa ta. Wani ya ce maleriya ce, a sayo magani a kemis. Babu mai ɗaga kai ya dubi farin akwatin da ke bango. Addu'a ba ta da madadi, a yi ta, amma a yi ta a kan hanyar asibiti. A fito da mutum fili, a buɗe ƙofofi da tagogi, a rufe tukunyar gas, kuma a gaya wa likita ƙarara cewa akwai hitar gas a wurin, domin ɗan abin nan da ake maƙalawa a yatsa yana iya nuna oksijin lafiya ƙalau alhali guba ce cike da jinin. Alamar da za a riƙe ita ce: idan ciwon kai yana zuwa lokacin wanka, yana sauka bayan an sha iska a tsakar gida, ko yana kama mutum fiye da ɗaya a gidan, a daina kunna ta sai an duba.

Kwanakin baya an kira ni wani gida ruwa ya ƙi yin zafi. Na tarar da hitar a saman shawa, bututun hayaƙinta an cusa shi cikin silin an bar shi nan, wai don kada a huda bango a ɓata fenti. Da na cire murfin, kunkunniya ta yi baƙi ƙirin a kan ƙarfen, harshen wutar rawaya yana lilo. Na ce, Hajiya, ba zan gyara ta a nan ba sai dai in fitar da ita waje. Ta ce ɓarayi fa? Na ce a yi mata kejin ƙarfe da 'yar rumfa, kuɗinsa bai kai na kwana ɗaya a gadon asibiti ba. Sai da Alhaji ya dawo aka yarda. Wanda ya ɗaura ta tun farko abokin sana'ata ne, ya iya haɗa bututun ruwa, aikin gas kuwa ba wanda ya koya masa, kuma irinsa muna da yawa.

Gurbin hitar bangon waje ne, ko baranda mai iska, ruwan zafin kawai ya shigo ta bututu. In dole sai a cikin gida, to bututun hayaƙi na ƙarfe ya huda bango ya fita sarari yana hawa sama, nesa da taga, kuma a bar kafar shigar iska da ba a toshewa ko ana muku-muku. Wuta mai lafiya shuɗiya ce tsaye cak. Wasu hitocin suna kashe kansu bayan minti 20 ko in iska ta yi ƙaranci. Masu gyara su daina tsinke wayar da ke sa ta kashe kanta don maigida ya yi ƙorafin tana mutuwa.

Tukunyar gas kuma a tsaye, a waje, a inuwa. Gas ya fi iska nauyi, in ya yi yoyo ƙasa yake kwanciya ya bi magudanar ruwa, shi ya sa banɗaki ya fi ko'ina muni gare ta. A yi amfani da tiyon gas na ainihi da kilif a bakinsa biyu, ba tiyon ban-ruwa ba. Gwajin yoyo da kumfar sabulu ake yi a kan regileta da mahaɗai, in ta yi ƙwai a rufe. Kada a gwada da ashana. Zafin ruwan ma a sassauta shi zuwa wajen digiri 50, domin a digiri 60 daƙiƙu kaɗan sun isa su sale fatar jariri.

Roƙona ga Hukumar SON mai kula da ingancin kayayyaki shi ne ta tilasta wa masu shigo da waɗannan hitoci su liƙa gargaɗi da Hausa, boko da ajami, a jikin hitar, domin takardar da ke ciki da Turanci ko Sinanci take zuwa, kuma tare da kwali ake jefar da ita. Masu shaguna kuma su riƙa ajiye 'yar ƙararrawar nan mai batir da ke ihu in ta ji gubar, su nuna wa duk wanda ya zo sayen hita kafin ya biya.

Na gode.

Wani mai aikin famfo,
Kano.