Šarlo Akrobata sun cancanci shiri guda nasu na kansu

Assalamu alaikum Edita,

Bayan gaisuwa da jinjina ga ma'aikatan shirinku na kaɗe-kaɗen duniya, ina da ƙorafi a kan zangon da kuka gabatar game da kiɗan rok na tsohuwar Yugoslabiya. Kun ba ƙungiyar Ekatarina Velika lokaci mai tsawo, kuma ta cancanta. Amma da aka zo kan Šarlo Akrobata sai mai gabatarwa ya wuce da jimla ɗaya, cewa ƙungiya ce da ba ta daɗe ba. Gaskiya ne ba ta daɗe ba. Sai dai wanda ya tsaya a nan ya bar mai sauraro bai san tushen abin da ake kunna masa ba.

Matasa uku ne a birnin Belgrad: Milan Mladenović da jita da rera waƙa, Dušan Kojić da ake kira Koja da jitar bas, sai Ivan Vdović da ake kira VD a kan ganguna. Sun fito ne daga wata ƙungiya mai suna Limunovo Drvo. A watan Afrilun 1980 suka yi wasa a cibiyar al'adu ta ɗalibai, wato SKC, kafin ƙungiyar Pankrti ta Slobeniya ta hau dandali. Bayan nan suka ɗauki sabon suna, Šarlo Akrobata, wanda laƙabi ne da mutanen ƙasar suka daɗe suna kiran ɗan wasan barkwancin nan Charlie Chaplin da shi. A duba lokacin da kyau: Tito, shugaban Yugoslabiya, ya rasu ranar 4 ga Mayun 1980. Ƙasar na cikin makoki da fargabar gobe, su kuwa waɗannan samari suna fito da wani amo da manya ba su san inda za su ajiye shi ba.

A 1981 kamfanin Jugoton na Zagreb ya fitar da faifan haɗaka mai suna Paket aranžman, inda suka zuba waƙoƙi huɗu tare da ƙungiyoyin Idoli da Električni Orgazam. A wannan shekarar kuma faifansu guda tilo ya fito, Bistriji ili tuplji čovek biva kad... Kamfanin PGP-RTB na garinsu ne ya kamata ya fitar da shi, ya ja da baya, sai Jugoton ya karɓa. Bayan rangadi a Poland suka yi wasan bankwana a Ljubljana a watan Oktoba, kowa ya kama gabansa.

Abin da nake so a faɗa wa masu sauraro shi ne abin da ke cikin faifan nasu tilo. In ka kasa kunne, jitar Koja ba ta zauna a baya tana rakiya ba, ita ke jan ragama, da ƙarfi da gurnani. Milan kuma yana janyo waƙar zuwa ga taushi da baiti mai ma'ana. VD na tsakiya, yana sauya bugu daga fank zuwa rege a cikin waƙa ɗaya ba tare da ta watse ba. Wannan ja-in-ja shi ne daɗin faifan, kuma a ganina shi ne ya raba su, don zakara biyu ba sa cara a akurki ɗaya. Ni ban ɗauki rabuwar a matsayin gazawa ba. Koja ya kafa Disciplina Kičme, ya gina ta kacokan a kan bas da ganguna. Milan ya kafa Katarina II a 1982, VD ya same shi a can, ita ce ta koma Ekatarina Velika da kuka yi ta yabo. Manyan ƙungiyoyi biyu ke nan daga gida ɗaya.

Akwai kuma ɓangaren da ke sosa mini rai. An haifi Milan a Zagreb, mahaifinsa Basabiye, mahaifiyarsa 'yar Kuroshiya, ya yi ƙuruciya a Sarayebo kafin su koma Belgrad. Da ƙasar ta kama da yaƙi, a 1992 ya shiga cikin mawaƙan da suka hau babbar mota suna zagaya titunan Belgrad da waƙar ƙin yaƙi, a ƙarƙashin sunan Rimtutituki. VD ya rasu a 1992 sakamakon cutar ƙanjamau. Milan ya bi shi a Nuwamban 1994 da ciwon daji, yana da shekara 36. Koja kaɗai ya rage.

A 1998, da aka tattara ra'ayin masana kan faifai 100 mafi daraja na Yugoslabiya, Paket aranžman ya zo na 2, faifansu kuma na 11. Don haka ina roƙon ku ware musu zango guda, ku kunna faifan daga farko har ƙarshe, sannan ku biyo da waƙa ɗaya ta Koja da ɗaya ta Milan daga ƙungiyoyin da suka kafa bayan rabuwar, mai sauraro ya ji da kunnensa inda kowannensu ya nufa.

Allah ya ƙara basira.

Naku,
Mai sauraronku na kullum