Tiyatar dajin tumbi: a taimaka a riƙa gano cutar da wuri

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni ɗan fili a jaridarka domin in yi magana a kan ciwon dajin tumbi, wanda na yi jinyar yayana a kansa bara, kuma har yau abin da na gani bai bar zuciyata ba.

Kusan shekara biyu Yaya yana fama da zafin ciki, kowa yana ce masa olsa ce, kullum yana hanyar kemis sayen farin maganin nan na ruwa. Sai da ya rame, loma uku ta fara ƙosar da shi, bayan gidansa ya koma baƙi ƙirin, sannan aka tura mu aka leƙa cikinsa da na'ura mai kyamara da ake zurawa ta baki, aka ɗebi ɗan nama domin gwaji.

Ranar da sakamako ya fito, likitan fiɗa ya juya bayan wata takarda ya zana mana tumbi da biro. Ya ce ba ƙarin kaɗai ake yankewa ba, ana cire wani sashe na tumbin ko ma dukkansa, tare da ƙwayoyin kaluluwar da ke kewaye da shi, domin ta nan cutar take fara yaɗuwa, sannan a ɗinke ragowar tumbin, ko bututun abinci idan an cire shi duka, da ƙaramin hanji. Idan wannan ɗinki ya yi yoyo, rai yana cikin haɗari, ga shi kuwa yawancin marasa lafiyarmu suna isowa a rame, jininsu ya yi ƙasa, jiki ba shi da ƙarfin haɗe rauni. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne da ya ce wani lokaci sai an buɗe cikin a tarar cutar ta kai hanta, a rasa abin yi sai dai a buɗa wa abinci wata hanya, sannan a rufe cikin. Mu Allah Ya taimake mu ba ta kai can ba, amma sai da muka tara 'yan uwa suka ba da jini, muka sayar da fili domin kuɗin aiki da na allurar kemo, wato maganin kashe ƙwayoyin daji.

Wannan aiki ba sabo ba ne. Tun a 1881 likitan fiɗa Theodor Billroth ya yi nasarar yin sa a birnin Biyana na ƙasar Ostiriya, kuma ina da yaƙinin likitocinmu sun iya shi. Abin da ya sa Japan da Koriya ta Kudu suka yi mana nisa shi ne suna leƙa cikin mutane tun kafin su kwanta ciwo. A Koriya, duk wanda ya kai shekara 40 ana gayyatarsa gwaji kowace shekara biyu. Haka kuma ƙwayar cutar Helicobacter pylori, wadda ke haddasa olsa, tun 1994 aka sanya ta cikin abubuwan da ke jawo daji, alhali ana iya gano ta da gwaji mai sauƙi a kashe ta da magani.

Bayan aiki ma da sauran tafiya. Mutumin da yake tashi da malmala biyu ta tuwo, yanzu sau shida yake cin abinci a ɗan ƙaramin kwano, kuma zai riƙa karɓar allurar bitamin B12 iya tsawon rayuwarsa, tunda babu tumbin da zai taimaka masa ya same shi daga abinci.

Don haka nake kira ga gwamnatin Jihar Kaduna da ta samar da na'urar leƙa ciki da ma'aikatan da suka ƙware a kanta a manyan asibitocin yankuna irin su Kafanchan da Saminaka da Birnin Gwari, ta kuma sa wannan gwaji cikin tsarin inshorar lafiya na jiha. Masu kemis kuma, don girman Allah, idan dattijo ya dawo sau uku da kukan olsa yana ramewa, ku tura shi asibiti.

Naka,
Wani mai karatu daga Tudun Wada, Kaduna.