Likita, wa ya zaɓi maganin nan, kai ko ɗan talla?

Edita, assalamu alaikum.

Muna roƙon a ɗan sam mana fili a shafin wasiƙu domin mu taɓo wata magana da ma'aikatan lafiya kan yi a tsakaninsu da murya ƙasa-ƙasa, amma ba a cika fito da ita gaban jama'a ba. Maganar ita ce yadda kamfanonin magani ke tallata hajarsu ga likitoci, da abin da wannan talla ke yi wa takardar da ake miƙa wa majinyaci. Mu da muka rubuto, wasunmu likitoci ne, wasu masana harhaɗa magunguna, saboda haka ba gidan wani muke jifa ba.

Magani haja ce ta daban. Wanda ya zaɓe shi ba shi zai biya ba, ba kuma shi zai sha ba. Mai ciwo ya karɓi takarda, ya je ya saya, ya haɗiye, sau da yawa bai san ma akwai wani zaɓi ba. Kamfani ya san haka, shi ya sa bai cika ɓata lokacinsa a kan mai ciwo ba, sai ya nufi hannun da ke riƙe da biro.

Wakilin kamfani ba ya shiga ofishin likita da ka. Kafin ya zo ya san waye ke ganin majinyata da yawa, me ya saba rubutawa, da kuma wanda ƙananan likitoci ke kwaikwayo. A Amurka kamfanoni na sayen bayanan takardun magani daga hannun masu tattara su, har jihar Vermont ta yi doka don taƙaita hakan, amma Kotun Ƙolin ƙasar ta soke dokar a 2011. Inda babu irin wannan tsari, tambayar mai kantin maganin da ke kusa da asibiti ta wadatar. Ziyarar kanta ba ta wuce 'yan mintuna: saƙo biyu ko uku da aka haddace, takarda mai sheƙi da zane-zane, kwalayen samfur, biro da littafin rubutu masu ɗauke da sunan maganin, wani lokaci da abincin rana na ma'aikatan sashen gaba ɗaya. Sai a rufe da roƙo mai taushi: "Likita, ko za ka gwada shi a kan mutum biyar masu zuwa?" Bayan 'yan makonni ya dawo ya ji labari. Albashinsa da kamashonsa sun rataya a kan yawan abin da aka sayar a yankinsa, alhali tun 1988 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙa'idojin tallan magani, inda ta ce kada a ɗaure mafi yawan ladan wakili da yawan ciniki, kada wakili ya ba da abin jan hankali, kada kuma likita ya nema.

Da an ta da maganar, amsar da ake ji ita ce: "Ni za a saya da faranti ɗaya?" Kuma mai faɗin haka da gaske yake, ba ƙarya yake yi ba. Nan matsalar take. A wani bincike da aka buga a Amurka a 2001, an tambayi likitoci masu neman ƙwarewa ko talla na shafar abin da suke rubutawa. Kashi 61 cikin 100 suka ce su kam ba ya shafar su. Da aka tambaye su game da sauran likitoci, kashi 16 kawai suka yarda cewa abokan aikinsu ma sun tsira. Laifi tudu ne. A 2016 kuma mujallar JAMA Internal Medicine ta buga nazarin da aka yi a kan likitoci kusan dubu 280. An gano cewa waɗanda aka ciyar da su ko da sau ɗaya ne, abincin da a matsakaici bai kai dala 20 ba, sun fi sauran rubuta maganin kamfanin da ya ciyar da su, duk da akwai masu araha a ajinsa, kuma yadda cin ya yawaita haka rubutun ke ƙaruwa. Masu binciken sun yi adalci, sun ce alaƙa suka gani, ba su ce abincin kaɗai ne sanadi ba. To amma kamfani ba ya raba abinci don lada. Da ba ya dawo da riba da tuni an daina. In baki ya ci, ido kan ji kunya, kuma ko kunyar ba ta zo ba, sunan da aka fi ji shi ke fara zuwa kai lokacin da layi ya yi tsawo, likita ya gaji.

Abin da ya fi abincin haɗari, a ganinmu, shi ne takardar nan mai sheƙi, domin ita da rigar ilimi take zuwa. Ba lallai a samu ƙarya a cikinta ba. Gaskiya ce aka yanko rabi. Ɗauki misali: an rubuta da manyan baƙaƙe cewa maganin na rage haɗarin bugun zuciya da kashi 50 cikin 100. Sai ka duba lambobin asali ka ga cikin mutum 100 da ba su sha ba, 2 suka kamu, cikin 100 da suka sha, 1 ya kamu. Rabi ne, babu musu. Amma ma'anarsa ita ce sai mutum 100 sun sha maganin tsawon lokacin gwajin kafin 1 ya amfana, sauran 99 sun biya kuɗi sun kuma ɗauki kasadar illa. Wataƙila hakan ya dace idan cutar mai kisa ce, maganin kuma mai sauƙi ne, wataƙila bai dace ba, amma ba za a iya yanke hukuncin da lambar farko ba.

Tambaya ta gaba: da me aka gwada shi? Idan da ƙwayar da ba komai a cikinta aka kwatanta, abin da aka nuna kawai shi ne ya fi babu. Likita kuwa ba tsakanin sabon magani da babu yake zaɓi ba, tsakaninsa da tsohon da ake da shi ne. Ko an kwatanta da tsohon, a duba awo. Lokacin da haƙƙin mallakar Prilosec, maganin ƙwannafi da gyambon ciki na kamfanin AstraZeneca, ke dab da ƙarewa, sai kamfanin ya fito da Nexium, wanda ɓangare ɗaya ne na sinadarin da ke cikin tsohon. A manyan gwaje-gwajen da aka tallata shi da su, miligiram 40 na sabon aka haɗa da miligiram 20 na tsohon. Sannan me aka auna? Saukar wata lamba a sakamakon jini daban, raguwar mutuwa ko shanyewar ɓarin jiki daban. Wata nawa aka yi ana gwajin, alhali majinyaci zai sha shekaru? Su wa aka saka a ciki? Sau da yawa ana cire tsofaffi, masu ciwon ƙoda, masu juna biyu da masu shan magunguna barkatai, wato mutanen da suka cika ɗakin jira.

Ga kuma lissafin da wakili ba zai kawo ba. Idan wata illa tana samun mutum 1 cikin dubu 10, sai an gwada maganin a kan kusan mutum dubu 30 kafin a kusa samun tabbacin ganin ta ko sau ɗaya. Yawancin gwajin da ake yi kafin a ba da izini bai kai haka ba. Shi ya sa sabunta ba falala ba ce a harkar magani. A 2002 babban gwajin ALLHAT, mai mutum sama da dubu 33, ya nuna cewa tsohon maganin hawan jini mai sa fitsari, mai araha, bai gaza sababbi masu tsada ba wajen kare mutane daga bugun zuciya. Ba wanda zai zo ofishinka da biro ya tallata shi, don babu mai cin riba mai yawa a kansa.

Samfur na kyauta kuwa, mutane da yawa na ganin sa a matsayin taimakon talaka. Amma wane magani ake bayarwa? Ba a taɓa cika durowa da tsohon mai araha. Kwalin kwana bakwai ko goma ya ƙare, jiki ya saba, likita ba ya son canzawa, sai majinyaci ya shiga sayen mai tsada na watanni. Ban da haka, samfur ba ya bi ta hannun mai harhaɗa magani, ba wanda ya duba ko zai yi karo da abin da mutum ke sha, ba a rubuta lambar rukuninsa ba balle a nemo wanda aka ba idan an janye shi, ga zafin durowa, ga ranar lalacewa da ba mai dubawa.

Daga nan sai manyan ƙofofi. Ana ɗaukar babban likita a biya shi ya yi lacca, da allunan da kamfani ya shirya, a gaban ƙananan da ke ganin girmansa. Ana biyan tikiti da masauki zuwa taro. Ana kiran mutum mai ba da shawara alhali ba a taɓa neman shawararsa ba. Kamfanin Insys na Amurka ya mayar da laccar ta zama hanyar biyan likitoci don su rubuta Subsys, feshin fentanil, wani maganin raɗaɗi mai ƙarfi dangin opiyom, da aka amince da shi ga masu ciwon daji kaɗai, har kotu ta kama wanda ya kafa kamfanin, John Kapoor, da laifi a 2019, aka yanke masa wata 66 a gidan yari. Akwai kuma binciken da ba bincike ba ne: a biya likitoci da yawa kowa ya ɗora 'yan mutane a kan sabon magani ya cika fom, manufar ita ce hannu ya saba. Takardun cikin gida na kamfanin Merck sun nuna cewa sashen talla ne ya tsara wani gwaji irin wannan a kan Vioxx, maganin ciwon gaɓoɓi da aka janye a Satumbar 2004 saboda haɗarinsa ga zuciya. OxyContin, maganin raɗaɗi dangin opiyom na kamfanin Purdue Pharma, ya shiga kasuwa a 1996, wakilai suna gaya wa likitoci cewa haɗarin kamuwa da jarabarsa bai kai kashi 1 cikin 100 ba. Ɗaya daga cikin abubuwan da aka riƙa kafa hujja da su wata gajeriyar wasiƙa ce ta 1980 da ta yi magana a kan majinyatan da ke kwance a asibiti, ba masu shan magani a gida wata da watanni ba. A 2007 kamfanin ya amsa laifi ya biya sama da dala miliyan 600. GlaxoSmithKline ya biya dala biliyan 3 a Amurka a 2012, daga cikin laifukan har da tallata Paxil, maganin ciwon damuwa, ga yara ba da izini ba, sannan a 2014 kotu a Sin ta ci shi tarar yuwan biliyan 3 kan cin hanci ga likitoci. Likitocin da suka rubuta waɗannan magunguna galibinsu ba ɓarayi ba ne. Abin da aka faɗa musu suka gaskata.

Inda likita ke rubutawa kuma shi ke sayarwa, ko yana karɓar kamasho a kan kowane kwali, ba sai mun ja magana ba: kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Koriya ta Kudu ta raba ayyukan biyu da doka a 2000.

Wasu ƙasashe sun zaɓi tona asiri. Dokar Amurka ta 2010 ta tilasta wa kamfanoni bayyana abin da suka ba kowane likita, kuma tun 2014 kowa na iya duba sunan likitansa a intanet. Faransa ta yi tata a 2011 bayan badaƙalar Mediator, maganin masu ciwon suga da aka janye saboda lahanin da yake yi wa zuciya. Wannan ya yi amfani, domin da bayanan ne aka yi binciken 2016 da muka ambata. Amma bayyanawa ba ta cire tasiri. Majinyacin da ke fama da zazzaɓi ba zai buɗe kwamfuta ya bincika ba, ko ya bincika bai san yadda zai auna abin da ya gani ba.

Abin da ke aiki shi ne tsarin da asibiti ya kafa wa kansa. A hana wakili shiga ɗakin duba majinyata da sassan kwanciya, ya kai bayanansa a rubuce ga kwamitin magunguna. Kwamitin ne zai tsara jerin abin da ake rubutawa, yana farawa daga jerin muhimman magunguna irin wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ke fitarwa tun 1977, kuma duk ɗan kwamitin da ya taɓa karɓar wani abu daga kamfani ya fita waje ranar da ake maganar hajar kamfanin. A riƙa rubuta sunan sinadari maimakon sunan kasuwa, sai dai a 'yan magungunan da canza kamfani ke da haɗari, kamar wasu na farfaɗiya. Samfur ya tafi ɗakin magani a shigar da shi rajista, ko a ƙi karɓa. Duk wata uku a ciro takardun magani a ƙirga: kashi nawa ne da sunan sinadari, nawa ne daga jerin asibiti, wane sabon magani ne ya yi tsalle, kuma me ya faru a watan da ya yi tsallen. Mun san za a ce, to wa zai ɗauki nauyin taron ƙara wa juna sani idan an kori kamfani? Tambaya ce ta gaskiya. Kamfanoni ne ke ƙera maganin da muke warkarwa da shi, wakili kuma neman halalinsa yake yi. Amma taro a ɗakin asibiti, babu abinci, da mai harhaɗa magani yana bitar gwaji guda ɗaya tsaf, ya fi liyafar otal amfani, kuma kusan ba ya cin komai.

Majinyaci ma yana da abin yi, ba tare da ya zargi kowa ba. Ya tambaya cikin ladabi: mene ne sunan sinadarin maganin nan? Akwai irinsa na wani kamfani mai rajista da ya fi sauƙi? Tun yaushe ake amfani da shi? Me ya sa aka canza mini wanda nake sha, alhali yana yi mini aiki? Idan aka ce sai a wani kanti guda kaɗai za a saya, ya tambayi dalili. Kada dai ya daina shan abin da aka rubuta masa ko ya canza da kansa kafin ya ji amsa.

Mun gode, Edita.

Daga wasu likitoci da masana harhaɗa magunguna.