Girman nozul: a yi lissafi kafin a zare kuɗi

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Muna roƙon ka ba mu fili a jaridarka mu yi magana da matasan da suka shiga harkar ƙara wa mota ƙarfi, da 'yan uwanmu makanikai da ake kai wa wannan aiki. Magana ɗaya ce ta yaɗu a gareji-gareji, wai idan ana son mota ta yi gudu sai a sa mata manyan nozul, wato bakunan da ke fesa wa inji fetur. Wannan magana ta kashe injina masu lafiya da yawa. Haka ma kishiyarta, wato a ɗaura wa inji turbo, na'urar da ke tura masa ƙarin iska, a bar masa nozul ɗin da ya zo da su daga kamfani.

Nozul ba ya ƙara wa inji ƙarfi. Iskar da inji ke shaƙa ita ce ke yanke iyakar ƙarfinsa, aikin nozul kawai shi ne ya kawo fetur daidai da wannan iska. A tafiya ta yau da kullum inji yana son iska kashi 14.7 ga fetur kashi 1 a nauyi. Idan aka take totur har ƙasa, injin da ba shi da turbo yana son kusan 12.5 zuwa 13, mai turbo kuma 11.5 zuwa 12, domin rarar man tana sanyaya cikin silinda. Wanda ya ƙara mai bai ƙara iska ba, kamar mai cusa itace ne a murhun da ba ya shan iska, hayaƙi zai samu. Saboda haka wanda salansa da matacin iska kawai ya canza, nozul ɗinsa na asali sun ishe shi. Mai bukatar canji shi ne wanda ya sa turbo, ko ya ƙara wa turbon da ke akwai matsi, ko ya faɗaɗa silinda tare da canza kamshaf. Duk bayanin nan a kan injin fetur ne mai fesa mai a bakin manifol. Injin dizal da sababbin injinan da ke fesa fetur kai tsaye cikin silinda da matsi sama da bar 100 (bar ma'aunin matsi ne), nasu lissafin daban ne.

Ana auna nozul da yawan man da yake iya zubarwa idan ya tsaya a buɗe: ko cc a minti, kamar yadda Japan da Turai ke rubutawa, ko laba a awa, kamar yadda Amurkawa ke rubutawa. Laba 1 a awa daidai take da kusan cc 10.5 a minti. Lambobi huɗu ake bukata. Na farko ƙarfin dokin da ake nema, kuma a faɗi gaskiya, a rubuta abin da turbon da fistin ɗin za su iya bayarwa. Ƙarfin da ake nufi shi ne na jikin inji. Idan a taya aka auna, a tuna giya da difaranshal sun cinye kusan kashi 15 cikin ɗari, don haka doki 255 a taya kusan 300 ne a inji. Na biyu yawan man da inji ke ƙonawa don samar da doki ɗaya a awa ɗaya, wanda littattafan kanikanci ke rubutawa BSFC: laba 0.45 zuwa 0.50 ga injin da ba turbo, 0.55 zuwa 0.65 ga mai turbo. Na uku yawan nozul. Na huɗu rabon lokacin da za a yarda nozul ya kasance a buɗe, wanda bai kamata ya wuce kashi 80 zuwa 85 cikin ɗari ba.

A ɗauki mota mai fulogi huɗu da aka ɗaura wa turbo ana neman doki 300. A ninka 300 da 0.60, an samu laba 180 a awa, shi ne cin man injin gaba ɗaya idan yana kan ganiyarsa. A ninka nozul 4 da 0.80, an samu 3.2. A raba 180 da 3.2, kowane nozul zai ɗauki laba 56 da 'yan kai, wato kusan cc 590. Sai a sayi girman da ke gaba da wannan a kasuwa, 630 ko 650. Ga wanda ba ya son dogon lissafi, ya raba ƙarfin dokin da yawan silinda, ya ninka da 8 idan da turbo, da 6.5 idan babu. Doki 75 a kowace silinda sau 8 ya ba da 600, amsar ta yi kusa da ta farko. Injin fulogi shida mai neman doki 400 zai faɗa wajen 530, sai a ɗauki 550. Kamfanoni ma a kan wannan hanya suke: injin 2JZ-GTE na Toyota Supra ya fito da cc 440 a kasuwar Japan, wanda aka kai Amurka mai doki 320 kuma ya fito da 550. Injinan Honda B16 da B18 marasa turbo cc 240 suke ɗauke da shi, kuma wannan ne ya sa da an sa musu turbo nozul ke fara ƙarewa tun kafin komai.

Dalilin tsayawa a kashi 80 yana cikin agogo. Injin da ke juyawa sau 6,000 a minti yana kammala zagayen aikinsa, wato juyi biyu, cikin milisakan 20, milisakan kuwa kashi ɗaya ne cikin dubu na daƙiƙa. Cikin wannan ɗan lokaci nozul zai buɗe, ya fesa, ya rufe. Kashi 80 na nufin yana buɗe na milisakan 16, yana da 4 na rufewa da hucewa. Da an haura kashi 90, allurar ciki ba ta gama zama ba ake sake kiranta, man da ke fita ya daina bin umarnin kwamfuta. A kashi 100 nozul ya tsaya a buɗe ɗungurungum, ba sauran abin da zai ƙara, alhali turbo na ci gaba da tura iska. Daga nan mai ya yi ƙaranci, zafin silinda ya hau, wutar ta fara tashi da kanta kafin lokacinta. Direba zai ji wani ƙas-ƙas kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani, wani lokacin ma ƙarar salansa ba za ta bari ya ji ba. Idan aka buɗe irin wannan inji, za a tarar da kan fulogi fari fat da ɗige-ɗigen alminiyam, gefen fistin ya zaizaye ko ya ɓule, gadar da ke riƙe ringi ta karye, gasket ya ƙone tsakanin silinda biyu. Daƙiƙa kaɗan a giya ta huɗu sun isa a yi wannan ɓarna. Kuma a tuna fetur ɗin gidajen manmu bai kai oktan 95 zuwa 98 da ake sayarwa a Turai ba (oktan shi ne ma'aunin juriyar fetur ga kamawa da wuta da kansa), ga zafin bazara da ke haura digiri 40. Saboda haka mu a nan mun fi ganin a lissafa da 0.60 ko 0.65, kada a kwaso lambar da wani ya yi amfani da ita a ƙasar sanyi.

To, me zai hana a sayi cc 1,000 a huta? Matsalar tana wajen silo, wato lokacin da inji ke aiki ba a taka totur ba. Idan nozul mai cc 240 yana bukatar fesawa na milisakan 1.5 don riƙe inji a silo, mai cc 1,000 zai zubar da wannan man cikin ƙasa da milisakan 0.4. A irin wannan gajeren lokaci allura ba ta gama ɗagawa ba ake ce mata ta koma, don haka wannan fesawa ta yi yawa, ta gaba ta yi kaɗan, silinda ɗaya ta sha, ɗaya ta rasa. Inji ya riƙa rawa, yana mutuwa a danja. Sababbin nozul irin Bosch EV14 sun rage wannan matsala sosai, tsofaffin manyan nozul na gwanjo kuwa har yanzu suna da ita. Rarar kashi 10 zuwa 20 a kan abin da lissafi ya bayar ta wadatar.

Babban abin da ake tsallakewa shi ne kwamfutar motar, wadda a gareji ake ce wa birenbos. Ita ba ta san an canza nozul ba. Lokaci kawai take bayarwa, a bisa girman da aka rubuta mata a kamfani. Idan aka cire 240 aka sa 630 ba a taɓa ta ba, mai zai shiga ninki biyu da rabi da ɗoriya. Gyaran da take iya yi da kanta ta hanyar sensar salansa bai wuce kusan kashi 25 cikin ɗari ba, daga nan sai ta kunna fitilar inji ta ajiye lambar P0172, wato mai ya yi yawa. Baƙin hayaƙi da fulogi masu baƙin toka su ne ƙaramar asara. Fetur ɗin da bai ƙone ba yana wanke man da ke jikin bangon silinda, ringi ya riƙa gugar ƙarfe tsirara, sauran kuma ya gangara cikin baƙin mai ya tsinka shi har metal, wato boris ɗin cikin inji, ya ci. A zaro sandar auna baƙin mai a shinshina: idan tana warin fetur kuma man ya haura alama, aikin ya fara. Tukunyar tace hayaƙi da ake kira indomi ita ma tana narkewa ta toshe. Ga kuma kuɗin man da ake zubarwa a salansa, a tsadar da ake ciki tun da aka cire tallafi a 2023. Don haka kuɗin nozul da kuɗin mai saita kwamfuta kasafi ɗaya ne. Wanda ba shi da na biyun ya dakata da na farkon.

Mai saitin zai bukaci abu biyu daga takardar nozul: girmansa, da jinkirin buɗewarsa. Daga lokacin da wuta ta shiga zuwa lokacin da mai ya fara fita akwai kusan milisakan 1, kuma wannan jinkiri yana ƙaruwa idan wutar mota ta sauka daga volt 14 zuwa 12 ko 11. Idan ba a sa teburin jinkirin daidai ba, motar za ta yi silo lafiya da rana, da dare a kunna fitila da AC ta fara shaƙewa. Nozul ɗin da ba a san lambarsa ba, ba a da takardarsa, wahala ce ko da kyauta aka bayar. Kuma ba a saiti da ido ko da kunne. Sai da sensar salansa mai faɗin karatun iska da mai irin Bosch LSU 4.9, domin ta asali da ke jikin yawancin tsofaffin motoci kusa da 14.7 kawai take gani.

Sai matsin mai. Lambar cc da ke jikin kwalin nozul yawanci an auna ta ne a bar 3. Ƙarin matsi yana ƙara mai, amma a hankali: sai an ninka matsi sau huɗu kafin mai ya ninka sau biyu. Daga bar 3 zuwa 4 ƙarin kashi 15 ne kawai, cc 440 ya koma kusan 508. Wannan yana ceton wanda ya gaza da kaɗan, ba ya maye gurbin nozul ɗin da ya dace. A injin turbo kuma bambancin matsi ne ke aiki. Idan bututun mai yana kan bar 3, turbo ya tura bar 1 cikin manifol, nozul yana aiki da bar 2 ne kacal, mai cc 600 ya koma kusan 490 a daidai lokacin da aka fi bukatarsa. Maganinsa regileta mai ƙaramin tiyo da ke haɗe da manifol, wadda ke ɗaga matsin mai bar ɗaya duk lokacin da turbo ya ɗaga bar ɗaya. Wannan ɗan tiyo idan ya zare ko ya tsage, inji na iya lalacewa, don haka a ɗaure shi da kilif. Famfon mai ma a lissafa shi: nozul huɗu masu cc 630 suna iya jan kusan lita 151 a awa, kuma famfo yana rage bayarwa idan matsi ya hau. Famfon Walbro mai lita 255 a awa ya isa wannan aiki, muddin an ja masa waya mai kauri da rile nasa, an kuma canza matacin mai.

Kafin a biya kuɗi a Ƙofar Ruwa ko Panteka ko Ladipo, a tafi da mitar auna om, wato ma'aunin turjiyar wuta, da tsohon nozul ɗaya a hannu. A ɗora mitar a kan ƙafafu biyu na soket. Akwai masu om 12 zuwa 16, akwai masu om 2 zuwa 5. Idan aka sa mai ƙaramin om a kwamfutar da aka ƙera wa mai babban om, wutar da zai ja za ta ƙona mata hanya, sai dai a sa akwatin razista a tsakani, irin wanda tsofaffin Honda ke zuwa da shi. A gwada tsawo, da faɗin zoben roba, milimita 11 ne ko 14, da irin soket ɗin. A duba ta inda mai ke shiga, domin injin SR20DET na Nissan da wasu Subaru ta gefe suke sha, nozul mai sha ta sama ba zai zauna a gurbinsu ba sai an canza bututun. Muna kuma roƙon makanikai su daina huda bakin nozul ko cire farantinsa don ya ƙara mai. Feshin da ya kamata ya fita kamar hazo sai ya koma tsartuwa, kuma ba za a taɓa samun huɗu da suka yi daidai da juna ba. Na gwanjo a kai su injin wanki da gwaji, a fesa su tare cikin kwalabe masu ma'auni, a ga bambancinsu bai wuce kashi 2 zuwa 3 cikin ɗari ba, kuma babu mai ɗiga idan an rufe shi da matsi. Sensar salansa matsakaicin duka silinda take karantawa, don haka nozul ɗaya mai rauni zai iya narkar da fistinsa alhali allo yana nuna komai lafiya.

Wajen ɗaurawa, a cire fiyus ɗin famfo a bar inji ya mutu da kansa don matsi ya sauka, a cire kan batir, a sa sababbin zobban roba a shafa musu baƙin mai mai tsabta kafin a tura. A mayar da fiyus da kan batir, a murɗa makulli sau biyu ko uku ba tare da tayarwa ba, a bi kowane nozul da farar takarda a ga ko ta jiƙe. Gwajin farko a yi shi da turbo a matsi mafi ƙanƙanta, mutum ɗaya na tuƙi, ɗaya na kallon allo. Idan rabon buɗewa ya taɓa kashi 85, ko karatun iska da mai ya haura 12.5 alhali turbo na turawa, a ɗaga ƙafa nan take a koma kan lissafi.

Mun gode, Malam Edita. Allah ya ƙara wa jarida ɗaukaka.

Naka,
Wasu masu gyaran inji da saita kwamfutar mota, Kano